Zuwa Svalbard da jirgin ruwa: ƙarami ko babba, kuma ana ganin farin beyar ɗin kuwa?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen 'yan uwa mazauna Norwe ko wanda ya taɓa leƙa can ƙurewar arewa. Ni da uwargida muna son zuwa Svalbard, tsibiran Norwe da ke can arewa, da jirgin ruwa baɗi in Allah ya kai mu, mun jima muna tara kuɗin. Iri biyu na samu. Akwai babban jirgi mai ɗaukar mutum sama da 2,000, yana bin gaɓar Norwe har ya kai Longyearbyen, babban garin Svalbard, ya yi yini guda ya juyo, kuɗinsa da dama-dama. Sai ƙarami mai mutum ɗari da 'yan kai, shi a Longyearbyen ake shiga, ya yi kamar kwana 10 yana zagaya tsibiran, amma kuɗinsa ya kusa ninka na babban sau uku. Ni dai burina farin beyar ɗin nan na gan shi da idona, ita kuma duwatsun ƙanƙara da tsuntsaye take so. Wanne zamu ɗauka?

Yaya na Tromso:
Wa alaikumus salam Baban Ummi. In dai Svalbard ɗin kake son gani to ƙaramin, babu ma wani dogon tunani a ciki. Tun 1 ga Janairun 2025 gwamnatin Norwe ta sa doka cewa jirgin da ya ɗauki fasinja sama da 200 ba zai shiga wuraren da aka keɓe don kare muhalli ba, su kuwa wuraren nan sun cinye kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar tsibiran, kuma nan ne abin kallon yake. Babban jirgin nan iyakarsa Isfjorden, mashigin tekun da Longyearbyen ke bakinsa, ku sauka a gari ku zaga kantuna da gidan tarihi ku koma, ka je Svalbard a takarda amma baka ga Svalbard ba. Shi ƙaramin aikinsa daban ne, kusan kullum safe da yamma ana sauke kwale-kwalen roba masu inji, Zodiac ake ce musu, mutum 10 ko 12 a kowanne, a kai ku gindin ƙanƙara ko a sauke ku a gaɓa ku taka da ƙafa. Kuma ka sani tun yanzu, jadawalin da suka turo maka ba alƙawari bane, ƙanƙara da iska da hazo su ke yanke inda za a je, shugaban tafiyar zai iya tashinku da asuba yace an canza hanya. Wanda ransa ba zai ɗauki haka ba gara ya bi babban.

Baban Ummi:
Na gode Yaya. To beyar ɗin fa, tabbas ana gani?

Yaya na Tromso:
Babu kamfanin kirki da zai ce maka tabbas. Yawanci ana gani a irin wannan doguwar tafiyar, amma daga nesa. Dokar yanzu tace kar a matso kusa da shi ƙasa da mita 300, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni kuma mita 500.

Ɗan Damagaram:
To ai nan ne ni matsalata take wlh. Mutum ya biya dala dubbai, wani ma ya haura 10,000 shi kaɗai, sannan a ce ya tsaya rabin kilomita daga abin da ya zo gani? Farar dabba a kan farar ƙanƙara a mita 500 me zaka gani banda ɗigo. Hotunan da suke talla da su duk na da ne lokacin da beyar ke zuwa har jikin jirgi yana shinshina, yanzu in ya matso doka tace jirgin ne zai ja baya. Ni ina ganin an cuci masu biya, kuɗin bai ragu ba amma abin da ake sayarwa ya ragu. Alhaji in beyar ne kawai damuwarka ka sake tunani.

Injiniya:
Ɗan Damagaram maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, in beyar kaɗai zai kai mutum to ya sake tunani. Amma batun an cuci masu biya ban yarda ba sam. Ka duba yadda dabbar nan ke rayuwa, abincinta sil ne, wata dabbar teku mai kitse da ke fitowa shan iska, kuma a kan ƙanƙarar teku take kama shi, wani lokaci ta kwanta a bakin ramin da sil ke fitowa shan iska awa da awanni bata motsi. Daga Maris zuwa Yuni shine lokacin da take tara kitsen da zai riƙe ta sauran shekara, kuma lokacin ne uwaye ke fitowa daga rami da 'ya'yansu ƙanana. Jirgi ɗaya ya matso sil ya nutse, farautar yinin ta lalace, gobe wani jirgin ya zo, jibi wani. Kai a wajenka minti 20 ne na hoto, ita a wajenta abincin 'ya'yanta ne. Kuma in abu ya ɓaci beyar ɗin ake harbewa. A Yulin 2018 ma'aikatan jirgin MS Bremen sun sauka a tsibiran Sjuøyane don duba waje kafin fasinja su sauko, beyar ya far wa ɗaya ya ji masa ciwo, sauran suka bindige shi. A gidansa aka same shi aka kashe shi. Tun 1973 aka hana farautarsu a Svalbard, to meye amfanin hana farauta in 'yan kallo zasu riƙa jawo a kashe su.

Ɗan Damagaram:
Injiniya wancan a ƙasa ya faru ba a cikin jirgi ba. Wanda ke kan jirgi mai tsayi wane haɗari yake ciki? Ni abinda nake cewa in dabbar ce da kanta ta tako ta zo, an kashe inji, kowa yayi shiru, meye laifin a tsaya.

Yaya na Tromso:
Wannan ƙorafin naka su kansu masu jiragen da jagorori da yawa sun yi shi kafin a zartar da dokar, ba kai kaɗai bane. Kuma akwai abinda ya kamata Baban Ummi ya sani, dokar tana aiki ne a ƙasa da cikin ruwan Svalbard, wato mil 12 na teku daga gaɓa. Shi yasa yanzu jirage da yawa ke ware kwana ɗaya ko biyu su nausa arewa su wuce iyakar nan, su shiga cikin ƙanƙarar da ke yawo a kan teku wajen layin digiri 81 arewa a taswira ko sama, can ne ake yawan samun kallo na kusa in an dace. Ka tambayi kamfanin kai tsaye, kwana nawa kuka ware wa ƙanƙarar teku, kuma jirginku yana da ƙarfin jikin shiga cikinta? Sannan ka duba ko suna cikin AECO, ƙungiyar masu irin waɗannan jiragen ce tun 2003, suna da ƙa'idojin da suke bi. Amma ni ra'ayina yana wajen Injiniya. Ka sayi madubin hangen nesa mai kyau, kai da madam kowa da nasa kar ku ce zaku raba ɗaya, da shi mita 300 ba komai bane, zaka ga har yadda yake ɗaga hanci yana shaƙar iska.

Maman Walid:
Ni dai ina bayan uwargida, ita ce ta gane tafiyar. Na je, kuma mun ga beyar, amma in aka tambaye ni yau abinda ya fi tsaya min a rai ba shi bane. Alkefjellet ne, wani dutse a mashigin Hinlopen da ya miƙe tsaye daga cikin ruwa kusan mita 100, tsuntsaye masu baƙin baya da farin ciki kimanin ma'aurata 60,000 suna zaune a jikinsa, ko ina ka duba su ne, sama ta yi duhu da su, ga kuka ga wari, kwale-kwalenmu yana bin gindin dutsen a hankali, a ƙasa kuma ga yanyawar ƙanƙara tana sintiri tana jiran ƙwai ko ɗan tsako ya faɗo. Sai gaban ƙanƙarar Monacobreen, an kashe inji muka yi tsit, kana jin ƙanƙarar da ke yawo a ruwa tana ƙas ƙas saboda iskar da ta daɗe a kulle a ciki tana fita, can sai ka ji ƙara kamar aradu, wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa teku, igiyar ruwa ta taho har inda muke duk da muna nesa sosai. Launin shuɗin da ke cikin tsagin ƙanƙarar nan kamara bata iya ɗaukarsa yadda yake. Sannan walras, wata ƙatuwar dabba kamar dorinar ruwa amma da haure biyu dogaye, suna kwance jibge a kan yashi a Poolepynten suna minshari, an kusa ƙarar da su da farauta sai da aka hana a 1952 suka fara dawowa. Alhaji ka saurari matarka, in ka tafi da idon beyar kaɗai duk waɗannan zasu wuce ka kana ta leƙen nesa.

Hajiya Babba:
Ni 'ya'yana ku yi haƙuri da ni, amma kuɗin nan da kuke kira ai ya kai mutum biyu Umra har da canji, ga 'yan uwa a gida cikin halin da ake ciki. A je kallon ƙanƙara da tsuntsu? Kuma naji ance rana bata faɗuwa a can, to sallah fa yaya za a yi, magariba da isha da asuba?

Baban Ummi:
Hajiya Allah ya ƙara girma, maganarki a kan hanya take. Alhamdulillah mun sauke farali mu biyun, kuma abin da muke aikawa gida ba a cikinsa muka taɓa ba, wannan daban muka ware. Amma batun sallah nima yana raina, da ma zan tambaya. Allah gafarta Malam ko zaka ce wani abu.

Malam na Zariya:
Hajiya ta yi nasiha mai kyau, duk wanda ke da hakkin wani a kansa ko bai sauke farali ba to wannan ya fara gabatarwa. Wanda kuma Allah ya hore masa bayan haka babu laifi, a Suratul Ankabut aya ta 20 an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Allah ya fara halitta, sai dai mutum ya gyara niyya. Batun lokaci kuma malamai sun daɗe da yin magana a kai, hujjarsu hadisin Dujal da ke cikin Muslim, inda sahabbai suka tambayi yinin da zai yi tsawon shekara ko sallar yini ɗaya ta isa, Annabi SAW yace a'a, ku ƙaddara masa lokacinsa. To salloli biyar suna nan a cikin kowace awa 24, ko dai ka bi lokacin gari mafi kusa da rana ke fitowa ta faɗi, ko ka bi lokacin Makka, duka biyun akwai malaman da suka tafi a kai. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa har ka dawo. Kuma kai matafiyi ne, kana da rangwamen ƙasaru da haɗawa.

Yaya na Tromso:
Haka ne Malam, mu nan Tromso a arewacin Norwe lokacin da rana bata faɗuwa jadawalin Makka masallacinmu ke bi. A Longyearbyen abin ya fi namu tsawo, daga wajen 20 ga Afrilu har bayan 20 ga Agusta rana na sama dare da rana. Baban Ummi ka buga jadawalin a takarda kafin ka shiga jirgi don netwok ba abin dogaro bane, in kuka tsaya Ny-Ålesund, ƙauyen masu bincike, ma dole a kashe wifi da bulutut saboda na'urorin masu bincike. Abinci kuma ka rubuta musu tun wajen biyan kuɗi, kifi da kayan lambu ba sa yankewa.

Hajiya Babba:
To Alhamdulillah tunda akwai mafita. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a dai kula da sanyi.

Ƙanwar Kowa:
Yaya Baban Ummi da wane fasfo zaku tafi? Don naji ance Svalbard ba a buƙatar biza.

Baban Ummi:
Koren fasfo ne ƙanwata, a Ingila muke zaune amma na Najeriya muke riƙe da shi.

Yaya na Tromso:
To nan ku buɗe ido sosai. Gaskiya ne Svalbard kanta bata neman biza daga kowa, hakan ya samo asali daga yarjejeniyar 1920 da ta ba Norwe mulkin wajen, amma bata cikin yankin Shengen, jiragen sama kuma daga Oslo ko Tromso suke tashi. Ma'ana ka shiga Shengen, ka fita lokacin da ka tashi zuwa Longyearbyen, sannan ka sake shiga a dawowa. Dole bizarku ta zama mai shiga sau biyu ko fiye, in mai shiga ɗaya aka buga muku za a sha wahala a dawowa. Ku faɗa musu ƙarara a takardar neman bizar cewa Svalbard zaku. Kuma ku isa Longyearbyen kwana ɗaya kafin ranar tashin jirgin ruwan, in jirgin sama ya makara ko jaka ta ɓata na ruwa ba zai jira ba.

Ɗan Damagaram:
Ni fa da nine da kuɗin nan Girinland zan nufa. Tunda beyar ɗin daga nesa ne ko ina, gara na je inda ƙanƙarar tafi girma. Ilulissat kaɗai ta isa, UNESCO ta sa wajen cikin wuraren tarihi na duniya tun 2004, ƙanƙarar Sermeq Kujalleq na zubo manyan duwatsu cikin teku, abin da kake gani a sama ma kusan kashi ɗaya cikin goma ne sauran na ƙarƙashin ruwa. Ko gabas, Scoresby Sund, babu mashigin teku mai rassa da ya kai shi girma a duniya. Kuma can akwai mutanen ƙasa, Inuit, da garuruwansu da harshensu, Svalbard kuwa bata da 'yan asali, ma'aikata ne da masu bincike.

Maman Walid:
Wajen girman ƙanƙara da tsayin duwatsu ka fi mu gaskiya, Girinland gaba take. Amma wajen dabbobi a tafiya ɗaya gajera Svalbard ta fi, komai kusa da juna yake, yau tsuntsaye gobe walras jibi barewar can mai gajerun ƙafafu, a bakin Isfjorden ma ana dacewa da manyan kifayen wel. Kuma ba a rasa tarihi ba, a Smeerenburg har yanzu ga ragowar murhun da 'yan Holan ke narka kitsen wel a ƙarni na 17, ga kaburburan masu farautar wel a Magdalenefjorden, a Ny-Ålesund ga hasumiyar ƙarfen da Amundsen, ɗan Norwe mai binciken ƙasa, ya ɗaure jirginsa na balan-balan a 1926 kafin ya tsallaka ta saman ƙurewar arewa. Sannan hanyar gabashin Girinland yawanci sai an ƙetare buɗaɗɗen teku daga Aisland, mai saurin jiri da amai zai ji jiki, a Svalbard kuwa galibi cikin mashigai ake kwana ruwa a kwance.

Injiniya:
Ƙari a kan haka, bizar Shengen zalla bata shiga Girinland, sai an rubuta a jikinta cewa ta haɗa da can, ta hannun Denmak ake nema. Kuma ko wanne aka zaɓa dan Allah kar a yi wasa da inshora mai ɗaukar kuɗin kwaso mutum da helikofta. A Satumbar 2023 jirgin Ocean Explorer ya kafe a Alpefjord a arewa maso gabashin Girinland da mutum 206, jirgin sojan ruwa mafi kusa yana nesa da tafiyar kwanaki, sai da suka yi kwana uku kafin wani jirgin binciken kifi ya jawo su. Allah ya kiyaye babu wanda ya rasa ransa, amma ya nuna irin nisan wajen. Asibitin Longyearbyen ƙarami ne, babban ciwo sai an kawo mutum nan babban yankin Norwe. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likitansa tukuna.

Ƙanwar Kowa:
Ni abinda ke damuna daban ne, kuma da gaske nake. Ana cewa yankin nan yana ɗumama kusan sau huɗu fiye da sauran duniya, a Yulin 2020 har digiri 21.7 aka auna a Longyearbyen. To mu hau jirgin sama mu hau na ruwa mu ƙona mai don mu je kallon ƙanƙarar da hayaƙin ke narkarwa? Mu da muka san yadda zafi da ambaliya ke yi mana a gida, ina ganin bai kamata mu shiga sahun masu ƙara wa wutar itace ba.

Injiniya:
Ƙanwata bazan ce miki tafiyar bata da hayaƙi ba, tana da shi kuma mai yawa a kan kowane mutum ɗaya, duk kamfanin da yace miki tasa tsaf take talla yake. Abinda aka samu dai shine Norwe ta hana amfani da baƙin mai mai kauri a ruwan Svalbard, don in ya zube a cikin sanyin nan kwashe shi sai an sha wuya, an hana fasa ƙanƙarar da ke manne da gaɓa inda sil ke haihuwa, an hana tashin duron a wuraren da aka keɓe, kuma wuraren sauka a cikinsu an taƙaita su zuwa 43. Ni matsayina, wanda zai je ya je sau ɗaya, ya zauna ya daɗe ya gani da kyau, da ƙaramin jirgi mai bin doka, ba a mayar da shi yawon kowace shekara ba. Wanda kuma ya bari saboda dalilinki ina girmama shi.

Ƙanwar Kowa:
Na ji, amma ban gamsu gaba ɗaya ba Yaya Injiniya. Sau ɗaya ɗin nan in mutum dubu nawa suka faɗa ai ya zama da yawa.

Malam na Zariya:
Wani ɗalibina mai karatun noma ya taɓa bani labarin rumbun iri da ke can, ashe har da irin namu a ciki?

Yaya na Tromso:
Ƙwarai Malam. A cikin dutse yake a saman filin jirgin Longyearbyen, an buɗe shi a 2008, kuma cikin kayan farko da aka ajiye akwai akwatunan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, har da irin wake da gurjiya. Ba a barin baƙi su shiga, ƙofar kawai zaka gani daga waje. Baban Ummi ko can zaku je ku bi mota ko jagora, da zarar an fita daga iyakar gari doka ce a riƙe abin korar beyar, mutanen wajen da bindiga suke fita, a 2020 a sansanin kwana da ke kusa da filin jirgin beyar ya kashe wani mutum cikin tantinsa.

Baban Ummi:
Jama'a Allah ya saka da alheri, na karanta wa uwargida duka, ƙaramin zamu ɗauka in sha Allah. Saura zaɓen wata, suna da farkon Yuni da kuma ƙarshen Yuli, kuɗin kusan ɗaya.

Maman Walid:
Farkon Yuni komai fari fat ne, dusar ƙanƙara har bakin ruwa, ya fi kyau a hoto amma sau da yawa Hinlopen a toshe yake, ba lalle ku kai Alkefjellet ba balle ku zagaye tsibirin, kuma mita 500 ce ke aiki. Ƙarshen Yuli hanya ta fi buɗewa, tsuntsaye na da 'ya'ya, ƙananan furanni sun fito, an koma mita 300, sai dai ƙanƙarar teku ta ja arewa sai an bi ta. Tunda madam tsuntsaye take so ni Yuli zan ce. Sanyin ba can ba, wajen digiri 3 zuwa 7, iskar cikin kwale-kwale ce ke shiga ƙashi, ku ɗauki wando mai hana ruwa da safar hannu biyu-biyu da tabarau saboda ƙyallin rana a kan ƙanƙara. Takalmin roba dogo yawanci jirgin ke bada aro, ku tambaya kafin ku saya.

Ɗan Damagaram:
Yulin dai Alhaji. Kuma kar ka manta tambayar da Yaya na Tromso yace ka yi musu ta kwanakin ƙanƙarar teku, a rubuce zasu baka amsa kafin ka tura ko sisi.